Haƙƙin Kufai: Me Ramukan Kwal Na Inugu Ke Bin Mu?

Bahaushe yana kiran garin da mutanensa suka tashi da sunan kufai, gidan da ya rushe ya bar bango kuma ya ce masa kango. Amma wurin aikin da aikinsa ya mutu, irin masana'antar da aka garƙame ko tashar da jirgi ya daina tsayawa, sabon abu ne a ƙasashenmu, shi ya sa har yau muke ara masa waɗancan sunaye biyu. Tambayar da nake so mu tattauna a kanta ita ce: shin irin wannan kufai yana da wani haƙƙi a kanmu? Ko kuwa da zarar ƙarfe ya daina amfani, hukuncinsa shi ne a ɗora shi a sikeli a sayar da shi kilo-kilo, a share fili a yanka filoti?

Tambaya irin wannan ba ta amsuwa a iska, sai an ɗora ta a kan wani wuri. Wurin da na zaɓa shi ne Inugu, a kudu maso gabashin Najeriya, garin da har gobe ake yi wa kirari da birnin kwal, alhali an daɗe da daina haƙar kwal ɗin.

A shekarar 1909 ne masu binciken ma'adinai na Turawan Ingila, ƙarƙashin wani mai suna Albert Kitson, suka gano kwal a tsaunukan Udi. A wancan zamani kwal shi ne abincin injin: jirgin ƙasa da shi yake tafiya, jirgin ruwa da shi yake tafiya, kuma duk abin da ake ƙonawa a Najeriya daga Ingila ake ɗauko shi a kan teku. Samun kwal a cikin ƙasa ya sa Turawa suka nemi bakin ruwan da za su riƙa fitar da shi, suka kafa sabuwar tashar jiragen ruwa a 1912, wadda suka raɗa wa sunan sakataren mulkin mallaka na lokacin, Lewis Harcourt. Ita ce bakin Bahaushe ya mayar Fatakwal. Katari ne kawai ya sa kalmar kwal ta faɗo a ƙarshen sunan, amma katarin ya dace, domin saboda kwal aka gina garin. An fara haƙa a 1915, layin dogo daga Fatakwal ya iso a 1916, aka buɗe mahaƙar Kwarin Iva a 1917. Garin da ya tsiro a gindin tsaunin ya ɗauki sunansa daga ƙauyen Enugwu Ngwo da ke bisa, ma'anar kalmar a harshen Ibo kuwa ita ce kan tudu.

Mai karatu da ke Maraɗi ko Damagaram ko zangon Kumasi yana iya cewa: to ni ina ruwana? Da ruwanka, har da tsaki. Dogo ya isa Kano a 1911. Layin gabas da ya taso daga Fatakwal ya ratsa Inugu da Makurɗi da Kafanchan, ya haɗu da na yamma a Kaduna a 1927, aka kuma kammala gadar Binuwai a Makurɗi a 1932. Reshen Zariya ya kai Ƙaura Namoda a 1929, na Kano ya kai Nguru a 1930, dukkansu biyu suna miƙo hannu wajen iyakar Nijar. Gyaɗar da kakanninmu suka noma a ƙasar Maraɗi da Damagaram, raƙuma da jakuna, daga baya manyan motoci, su suka riƙa kai ta waɗannan tashoshi. Daga nan fa sai tarago. Kan jirgin da ke jan taragon wuta yake ci, akwai mutum a tsaye da shebur yana zuba masa kwal tun daga tashi har sauka, kwal ɗin kuwa na Inugu ne. Haka dalar gyaɗar Kano ta riƙa gangarawa teku, haka kuzar Jos, haka audugar Funtuwa da fatu da ƙiraga da shanu. Jiragen ƙasan Gwalkwas, wato Ghana ta yau, su ma sun ƙona kwal ɗin Inugu. Duk wanda kakansa ya sayi turmin atamfa ko ya biya haraji da kuɗin gyaɗa a waɗancan shekaru, akwai gumin wani mahaƙi ɗan ƙabilar Ibo a cikin cinikin, ko da ba su taɓa ganin juna ba. Dogon nan ya kuma kai mutanenmu can, har ta kai wani Bafulatani mai fataucin shanu daga lardin Sakkwato, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950, da ƙuri'ar mutanen garin.

Su wane ne suka haƙo kwal ɗin, kuma ta yaya? A farkon lamari mutanen ƙauyukan Udi manoma ne, ba su ga dalilin barin doya su shiga cikin dutse ba. Sai Turawa suka bi ta hannun sarakunan da suka naɗa da takarda, mafi shahara a cikinsu shi ne Onyeama na Eke, waɗanda ke tara musu leburori, da yawa bisa tilas, su kuma yanki rabonsu daga ladan. Ramukan Inugu ta gefen tsauni ake shigarsu, kamar kogo. Mai sara yana durƙushe da diga cikin zafi da ruwa da ƙura, mai turi yana tura ƙaramin tarago a kan siririn dogo zuwa waje, wasu kuma suna kafa itace don tokare rufin kada ya rufto. Da yawan taragon da aka cika ake lissafin kuɗin mutum. Da tafiya ta yi tafiya, tilas ta koma sana'a, ma'aikata suka kafa ƙungiya, suka koyi jayayya a kan albashi.

A 1949 rigima ta tashi a kan wasu kuɗaɗen baya da ma'aikata suka ce suna bin hukumar mahaƙar. Suka shiga yajin aiki na jan ƙafa, aka kori wasu, sauran suka zauna a cikin mahaƙar suka ƙi fita. Gwamnati ta ji tsoron kada nakiyoyin fasa dutse su faɗa hannun 'yan gwagwarmayar neman 'yanci, ta aika 'yan sanda su kwashe su. Ranar 18 ga Nuwamba, 1949, a Kwarin Iva, wani babban jami'in ɗan sanda Bature ya ba da umarnin harbi. Mahaƙa 21 suka mutu, 51 suka jikkata, babu ko ɗaya mai bindiga a cikinsu. Tarzoma ta ɓarke a Aba da Fatakwal da Onica da Kalaba, 'yan siyasar da ba sa ga maciji da juna suka zauna a kwamiti ɗaya, aka kafa hukumar bincike ta Fitzgerald. Masana tarihi suna lissafa wannan rana a cikin abubuwan da suka gaggauta samun mulkin kai a 1960.

Bayan nan kwal bai daɗe a kan gadon sarauta ba. An kafa Hukumar Kwal ta Najeriya a 1950, abin da ake haƙowa ya kai kimanin tan dubu 900 a shekara wajen ƙarshen shekarun 1950, daga nan sai gangara. An samu man fetur a Oloibiri a 1956, hukumar jiragen ƙasa ta fara sauya kawunan jirage zuwa masu shan dizal, babban mai saye ya juya baya ke nan. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya sa aka bar ramukan, ruwa ya cika su. An yi ta ƙoƙarin farfaɗo da mahaƙun Onyeama da Okpara, abin bai ɗore ba, zuwa farkon shekarun 2000 haƙar ta tsaya. Abin da ya rage shi ne bakunan ramuka cikin ciyawa, da tsatsar injuna, da unguwar ma'aikata da har yau ake kira Coal Camp, da tashar jirgi, da mutum-mutumin tunawa da waɗanda aka harbe a wani shataletale na garin.

To, mu koma kan tambayarmu. Masu cewa a bar kufai ya bi ta kansa suna da hujjoji uku, kuma babu ta rainawa a cikinsu.

Ta farko hujjar ciki ce. A ƙasar da asibiti ba magani, makaranta ba benci, wane mai hankali ne zai ɗauki kuɗi ya shafa wa mataccen inji fenti? Yaron da ya cire ƙarfe daga tsohuwar mahaƙa ya kai wa 'yan gwangwan ya sayi garin kwaki, wa zai kalli idonsa ya ce masa ya ci tarihi? Ni dai ba zan iya ba. Mai rai ya fi matacce haƙƙi, wannan ba abin musu ba ne.

Ta biyu hujjar zuciya ce. Wannan dogo da waɗannan ramuka ba don mu aka yi su ba. Duba taswira ka gani: kowane layi daga gona ko mahaƙa ya taso, a bakin teku ya ƙare. Tsotsar arziki aka shirya, da aikin tilas aka gina. Adana irin wannan kaya, in ji su, tamkar mutum ya rataye bulalar da aka dake shi da ita ne a bangon ɗakinsa yana nuna wa baƙi.

Ta uku hujjar hikima ce. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Al'ummar da ta cika waiwaye tuntuɓe take yi. Ga shi kuma duniya ta gane hayaƙin kwal yana cikin manyan abubuwan da ke ɗumama ta, mu mutanen bakin Sahara kuwa mu ne kan gaba wajen ɗanɗana kuɗar hakan. Me za a yi kewa a kai?

Duk da nauyin waɗannan hujjoji, ra'ayina shi ne kufan aiki yana da haƙƙi, kuma asalin haƙƙin na mutanen da suka yi aikin ne. Ƙarfen shaida ne kawai. A shari'a, idan mai bin bashi ya rasu, bashin bai mutu ba, ya koma kan magada. Mahaƙan Inugu sun ba da ƙarfinsu da huhunsu, wasu da rayukansu, amfanin ya watsu daga Fatakwal har Nguru, har garuruwanmu na ƙetaren iyaka. Ba za mu iya biyansu da kuɗi ba, yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Abin da ya saura a hannunmu shi ne kada mu bari a yi kamar ba a taɓa yinsu ba. Sarki yana da maroƙa, attajiri yana da gida mai sunansa, malami yana da littafi da almajirai. Lebura ba shi da ko ɗaya. Wurin da ya yi aiki shi ne kaɗai littafinsa. Idan aka share wurin, an yage shafin da sunansa yake kai.

Da wannan nake amsa hujjar zuciya. Gaskiya ne Bature ya zana layin, amma ba shi ya ɗauki tangaran ƙarfen a kafaɗa ba, ba shi ya sare daji ya fasa dutse ba. Wanda ya kalli gadar Makurɗi ya ga injiniyan Ingila kaɗai, ya sake yi wa leburan zaluncin da aka yi musu tun farko, wato ƙin ganinsu. Kuma wanda aka zalunta shi ya fi kowa buƙatar shaida ta tsaya. Mai laifi ne ke murna idan wurin da abin ya faru ya ɓace. Ranar da Kwarin Iva ya zama rukunin gidaje babu ko allo, yaro zai ji labarin mutum 21 kamar tatsuniya, gobe wani ya ce masa ƙari aka yi. Bulalar da ake magana, a ɗakin baƙi ba ta da wuri, amma a gaban alƙali tana da shi.

Hujjar hikima kuwa, karin magana ɗaya ba ya cinye sauran. Bakin da ya ce kowa ya tuna bara, shi ne ya ce waiwaye adon tafiya. Akwai tunawa ta kewa, mai cewa da ma a koma, akwai kuma tunawa ta ɗaukar darasi. Ba na fatan a mayar da kowa cikin ramin kwal. Abin da Inugu ke koyarwa shi ne yadda gari sukutum ke dogara da abu ɗaya, masu yanke hukunci a wani wuri mai nisa su sauya shawara, a wayi gari dubban gidaje ba abin yi. Kwal ya yi shekara kusan arba'in yana mulki, dizal ya ture shi cikin 'yan shekaru. Duk ƙasar da ke cin abinci daga rami ɗaya, na fetur ne ko na yuraniyom ko na zinariya, ya kamata ta kai 'yan makarantarta su ga bakin ramin da ya riga nata mutuwa.

Hujjar ciki ita ce mai wuya, kuma ita ce ke tilasta mana jera abubuwa bisa cancanta. A ganina, na farko shi ne tsofaffin ma'aikatan da ke raye da matan waɗanda suka rasu. Gwamnatin da ta gina gidan tarihi alhali tsohon mahaƙi yana bin ta fansho, ta yi ado ne da kayan aro. Na biyu sunaye: a rubuta sunan kowane ɗaya daga cikin mutum 21 ɗin nan da ƙauyensu a inda suka faɗi, a shigar da ranar cikin littafin makaranta. Na uku muryoyi. Mu da ke aikin rediyo mun san abin da wayar hannu guda da haƙurin sauraro ke iya tarawa. Tsoho ɗaya da ya tura tarago, ko ya zuba wa jirgi kwal tsakanin Kafanchan da Makurɗi, yana ɗauke da abin da babu shi a kundin gwamnati, kuma kowace damina ana rasa irinsu. Ƙarfe da gini su ne na huɗu, su ma ba duka ba: bakin rami ɗaya, kan jirgi ɗaya, layi ɗaya na gidajen ma'aikata, sun isa. Uku na farko ba sa cin kuɗin da zai hana asibiti magani. Abin da suke ci shi ne kulawa, ita ce kuma ta fi ƙaranci.

Ƙasashen da suka riga mu shiga wannan hali suna da abin dubawa. A Blaenavon da ke yankin Wales na Birtaniya, mahaƙar da ake kira Big Pit ta rufe a 1980, aka buɗe ta a matsayin gidan tarihi a 1983. Baƙo yana sa hular kwano da fitila, a saukar da shi mita 90 cikin ƙasa, kuma tsofaffin mahaƙa aka ɗauka su zama 'yan rakiya, suna ba da labarin da bakinsu. Hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. A arewacin Faransa an fitar da kwal na ƙarshe a 1990, a 2012 kuma yankin ya shiga wannan jeri, har da tsibin ƙasar da aka tono da unguwannin ma'aikata. A can ne fashewar Courrières ta kashe mutum 1,099 a 1906, a can ne kuma dubban 'yan Poland da Aljeriya da Maroko suka ƙarar da ƙuruciyarsu a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ya fi burge ni a misalin Wales shi ne an bar masu aikin su riƙe labarin, sun kuma sami abin sawa a baki daga gare shi. A nan hujjar ciki da haƙƙin kufai suka daina faɗa da juna.

Sai dai akwai tarko. Kufan da aka gyara yana iya yin ƙarya fiye da wanda aka bari. Idan aka share ƙura, aka dasa furanni, aka sa kan jirgi yana sheƙi don masu ɗaukar hoto, baƙo zai koma gida yana cewa zamanin da ya fi daɗi. Zai ga injin bai ji tarin mai sara ba, zai ga tashar bai ga sarkin da ya yanki ladan lebura ba. Idan har za a adana Inugu, to a adana ta da Onyeama a ciki, da jami'in da ya ce a yi harbi, da namu mutanen da suka ci moriyar tilas, domin zaluncin bai tafi da ƙafar Bature kaɗai ba. Shaidar da aka koya wa abin da za ta faɗa ta tashi daga shaida.

Wannan magana ta kusa zama tamu kai tsaye. A Nijar, mahaƙar yuraniyom ta Akouta kusa da Arlit, wadda ta fara aiki a 1978, ta rufe a ƙarshen Maris na 2021. Kwal ɗin Anou Araren a ƙasar Agadas, wanda ke ba mahaƙun arewa wutar lantarki tun farkon shekarun 1980, shi ma yana da ranar ƙarewa, kamar kowane rami. A ɗaya gefen kuma, a 2021 aka aza harsashin sabon dogo daga Kano zuwa Maraɗi. Ana rufe wani, ana buɗe wani. Mutanen da suka sauka ramin Akouta suna nan da ransu, a Arlit da Agadas da Tawa da ƙauyukan da suka koma. Samarin da ke zuba tsakuwa a hanyar Kano zuwa Maraɗi su ma suna da sunaye. Ranar buɗewa za a kafa allo, kuma kowa ya san sunan wa za a rubuta a kai.

Saboda haka amsata ita ce e, kufan aiki yana bin mu bashi, bashin kuma na mutane ne waɗanda aikinsu ya iso gare mu sunansu bai iso ba. Ba a neman kowa ya hana yaro mai yunwa ƙarfe. Ana neman malamin makaranta ya ba da darasi ɗaya a kan 18 ga Nuwamba, ɗan jarida ya zauna da tsoho ɗaya kafin a neme shi a rasa, hukuma ta biya fansho kafin ta sayi fenti, wanda ke da kaka tsohon ma'aikacin reluwe ko na mahaƙa ya tambaye shi yau ya rubuta. Mun gaji hanyoyi da garuruwa da kasuwanni daga hannun mutanen da ba mu taɓa gode wa ba. Allah ya ba mu ikon sauke abin da ya rataya a wuyanmu.